Me zan shafa wa bakana ya jure hunturu da damina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Marwa nake rubuto maka. Wurin kakana na koyi harbi, kuma na sassaƙa baka biyu da reshen dargaza. Na farkon na shafe shi da man gyaɗa, sannan na bi da man ƙyallin kafintoci da buroshi har ya yi sheƙi. Wata uku ba su cika ba man ƙyallin ya tsattsage yana ɓarewa, da damina ta yi nisa kuma bakan ya yi sanyi, ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Na biyun ban taɓa shi ba tukuna. Me zan shafa masa wanda zai daɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka wa kakanka da alheri, don masu riƙe da wannan sana'a sun yi ƙaranci.

Abin da ya cinye maka bakan farko yanayin garinmu ne. Itace yana shan laima daga iska yana kuma fitar da ita har bayan ya bushe. Baka ya fi lafiya idan ruwan jikinsa yana tsakanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana zuƙe shi ƙasa da haka, ya yi ƙamas, har ka ja tsirkiya ka ji ƙas. Daga Yuli zuwa Satumba kuma ya sha laima ya yi laushi, ya riƙe lanƙwasar da tsirkiya ta yi masa. Babu abin shafawar da zai tsayar da wannan shige da fice gaba ɗaya. Aikinsa shi ne ya rage masa sauri, kuma dole ya iya lanƙwasawa tare da itacen duk lokacin da ka ja.

A nan kuskure biyu suka haɗu. Man gyaɗa ba ya bushewa, yana zama danƙo a cikin itace, daga baya ya yi wari, kuma duk abin da ka ɗora a kansa ba zai kama ba. Shi kuwa man ƙyallin da ake yi wa tebur da kabad, an yi shi ne don katakon da ba ya motsi. Ka lafta shi da kauri a kan abin da ke tanƙwarewa sau ɗari a yini, ai sai ya fashe.

Kafin ka shafa komai a na biyun, tabbatar ya bushe. Ka auna shi a sikelin mai shago, ka sake aunawa bayan mako guda, idan nauyin bai ragu ba to ya yi. Sai ka goge shi da sanfefa mai lamba 120, ka bi da 220, kullum a tsaye bisa tsawon itacen. Bayan baka, wato ɓangaren da ke kallon abin da za ka harba, shi ke ɗaukar ja, don haka ka bi shi a hankali kada ka yanke zaren itacen. Tsofaffin maharba sukan murje shi da ƙashi ko gindin kwalba har ya yi santsi, kuma dabara ce mai kyau. Idan gora ce ka yi aiki da ita wata rana, ɓawonta ba ya shan mai sai an ɗan kankare sheƙinsa.

Abin da na fi so wa mai shiga daji shi ne man lin, wanda za ka ga an rubuta huile de lin a gwangwaninsa a shagunan fenti. Shi yana daskarewa a cikin itace idan ya sha iska. Nemi dafaffe, don yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗanyen kuwa sai ya kai mako ko fiye. Ɗiga kaɗan a tsumma, ka murza ko'ina, ka bar shi minti 15 zuwa 20, sannan ka goge duk abin da bai shige ba har hannunka ya daina jin maiƙo. Wannan gogewar ita mutane ke tsallakewa, shi ya sa bakansu ke zama danƙo yana kwasar ƙura. Rataye shi a inuwa, in ya bushe ka maimaita, sau 5 ko 6. Ka fi ba kawuna biyu na bakan da tsagin tsirkiya kulawa, domin ta ƙarshen itace laima ta fi shiga. Tsumman da ya sha man lin kuma kada ka dunƙule shi ka jefa a kusurwa. Yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya shi a buɗe a waje ko ka tsoma shi a ruwa.

Man lin shi kaɗai ba ya tare laima sosai, sai an rufe shi da kakin zuma. Mu kam mun yi sa'a, kaki mai kyau yana zuwa daga wajajen Ngawundare da Maiganga. Narka kashi 3 na kaki da kashi 1 na man kaɗanya a gwangwani cikin ruwan zafi, ka bar shi ya huce, ka murza a jikin bakan da tafin hannu har ya yi ɗumi, sannan ka goge da tsumma. Man kaɗanya zalla yakan narke da zafin jiki, balle ranar bazara da ke haura digiri 40, amma kaki sai ya wuce 60 kafin ya narke. Sabunta shi a farkon damina da farkon hunturu. Ragowar ka goga wa tsirkiya.

Idan kuma kana yawan bin fadama da bakin ruwa, akwai man ƙyallin da ake yi wa jiragen ruwa, ana rubuta vernis marin a jikinsa. Ya fi na kafintoci laushi kuma yana jure rana. Sirka shi rabi da rabi da abin sirki da gwangwanin ya ambata, ka shafa da tsumma siriri-siriri sau 4 ko 5, kana ɗan bi da sanfefa 320 tsakanin kowane biyu. Ya fi mai da kaki tare laima, sai dai gyaransa ya fi wuya in ya kwarzane, kuma sheƙinsa yana tona asirin maharbi. Yi wannan aiki a ɗaki a rufe, don ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen shafi.

Baƙin man mota da wasu ke shafawa saboda gara, ka rabu da shi, ba ya bushewa kuma guba ne a hannu. Ƙaro ma ruwa ke narkar da shi. Maganin gara shi ne kada baka ya kwana a ƙasa ko jingine da bangon laka. Kwance tsirkiya, ka ɗora shi a kwance bisa ƙusa biyu nesa da rufin kwano. Mariƙin kuma sai shafi ya gama bushewa za ka naɗe shi da jemammiyar fatar akuya, wadda ba sai na gaya wa ɗan Marwa inda ake samunta ba.

Na farkon ma kada ka jefar. Kankare tsohon man da bakin fasasshiyar kwalba a hankali, ka goge maiƙon gyaɗar da abin sirkin fenti sau biyu ko uku, ka bar shi mako biyu ba tsirkiya. Duba bayansa da kyau a cikin haske. Idan babu tsaga a itacen kansa, kaki kaɗai za ka sa masa, don jikin da ya taɓa shan man gyaɗa da wuya ya riƙe wani abu dabam.