Guduma ba ta shan mai

Wai tambayarka ita ce, babban piyanon nan na kwance in ka danna maɓalli sau biyu da sauri na biyun ba ya fita, ko ka ɗan ɗiga masa mai? Mai! Kai yaro ka fama min tsohon ciwo wallahi.

Wani Alhaji ne a Nasarawa GRA, Yamaha ce ya tarar a gidan da ya saya, aka kira ni. Da hunturu ne, iska ta busar da katakon duk sukurori sun saki. Na zaro injin, wato maɓallai da gudumomin da ke bugun tsirkiya, gaba ɗaya na ɗora a tebur, maɓallai 88 na bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yan takardun da ake sawa a ƙasa, zurfin dannawa milimita 10, tazarar guduma da tsirkiya wajen 46, jak, ɗan sandan da ke tura guduma sama, ya sake ta saura kamar milimita 2 ta taɓa tsirkiya. 'Yarsa ta zauna ta buga kowa na ta washe baki, ya ce in dawo Juma'a in karɓi kuɗina. Juma'a ta koma wata biyu, kullum mai gadi ya ce ya yi tafiya. Ashe a tsakani mai gyaran janaretansa ya ji wai feda na ƙara ya feshe cikin piyanon da man feshin nan WD-40, ƙyallen da ke riƙe da filolin da guduma ke juyawa a kai ya sha mai, ƙura ta bi ta danƙare, guduma ta daina dawowa. Buɗar bakin Alhaji sai cewa ya yi ni na lalata masa kaya! Ko sisi bai ba ni ba, har ulun da na saya da kuɗina. Allah ya isa.

To naka, sifirin da ke mayar da jak za ka duba. Danna maɓallin da ƙarfi guduma ta kamu, sai ka sassauta yatsa a hankali, ya kamata ta taso sannu. In ta kwanta sifirin ya yi sanyi, in ta yi tsalle ya yi yawa. Dabarar Érard ce, wani maƙerin piyano na Faransa, tun 1821, jak ya koma ƙarƙashin guduma tun maɓalli bai gama tasowa ba, don bugu na biyu ya fita. Ɗaure sukuru kam ba zan koya maka ba, in ba ka iya ba koma sayar da kati.

Ku yaran yanzu bidiyon minti biyar a YouTube sai ku ɗauko sukurdireba. Ka fara sunsuna injin tukuna, in ka ji warin mai kira mai gidan ya gani da idonsa, kuma ka karɓi kafin alƙalami.