Manhaja Ɗaya Za Ta Ishi Yara Uku?

Tambaya: Malama, a gida nake koyar da yarana masu shekara 4, 7 da 11. Manhaja ɗaya za ta ishe su?

Amsa: 'Yar'uwa, a lissafi da karatu, a'a. Kada ki sayi littafi bisa shekaru kawai. Ki ba mai 7 shafi ɗaya na littafin aji biyu. In kalmomi sama da biyar suka gagare shi, ki koma na aji ɗaya, in ba haka ba hadda zai yi ba karatu ba. Auta minti 15 sun ishe shi, yana ƙirga wake a faranti. Babban kuwa, ki bi manhajar aji shida ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, saboda jarrabawar shiga sakandare. Kimiyya kuwa tare za su yi: ku shuka masara a gwangwani, auta ya zuba ruwa, babba ya auna tsayi ya rubuta.