Kamfanin da nake kai wa kaya ba ya cire mini haraji: laifin wa?

Tambaya: Barista, ina zaune a Ingila, ina aikin gadi na albashi, ana cire mini haraji duk wata. Tun watan Yulin 2025 na fara kai kaya da motata ga wani ƙaramin kamfani. Sun ce ni mai zaman kansa ne, suna biya na ba tare da cire komai ba. Abin da zan samu bai kai fam 12,570 ba, don haka na ɗauka babu haraji a kaina. Yanzu wani ya ce za a ci ni tara. Zan iya kai kamfanin kotu, tunda su ya kamata su cire?

Amsa: Malam, ban ga takardar yarjejeniyarku ba, kuma ban san irin bizarka ba, saboda haka abin da zan faɗa ya tsaya ne kan abin da ka rubuto. Amma kafin maganar kotu, akwai gyara a lissafinka.

Fam 12,570 ɗin nan da ba a biya wa haraji guda ɗaya ne ga mutum a shekara, komai yawan sana'o'insa. Idan albashin gadi ya haura wannan adadi, to ya riga ya cinye shi, kuma ribar kai kaya za ta hau saman albashin ne, mai yiwuwa a kan kashi 20 cikin ɗari. Iyakar da ta shafe ka ita ce fam 1,000. Da zarar kuɗin da ya shigo maka daga sana'ar kanka ya wuce wannan a shekarar haraji, kafin ma a cire kuɗin mai, wajibi ne ka sanar da hukumar haraji ta HMRC. Wannan nauyi kuwa a wuyanka yake, muddin da gaske kai mai zaman kansa ne.

A ganina ba ka makara ba, in dai ranakun da ka ba ni daidai ne. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. Wanda ya fara a Yulin 2025 zai yi rajista kafin 5 ga Oktoban 2026, ya karɓi lambar UTR, wato lambarsa ta mai biyan haraji, ya cike takardar bayyana kuɗin shigarsa ta intanet ya biya kafin ƙarshen 31 ga Janairun 2027. Jinkirin kwana ɗaya wajen miƙa takardar tarar fam 100 ne.

Inshorar ƙasa (National Insurance), wato gudummawar da ake biya don fansho da makamantansa, tana da nata lissafin daban, kuma a nan akwai sauƙi. Masu zaman kansu rukuni na 4 da na 2 ne suka shafe su. Rukuni na 4 ribar sana'a kaɗai yake dubawa: kashi 6 kan abin da ya haura fam 12,570. In ribarka ba ta kai nan ba, da wuya ka biya. Rukuni na 2 ya daina zama dole tun Afrilun 2024, kuma abin da ake cirewa a albashinka yana iya wadatar da shekarar wajen lissafin fansho. Ka duba bayananka don ka tabbatar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne watan Janairu. A ce ribarka fam 8,000 ce, harajinta 1,600. Tunda ya haura 1,000, kuma in abin da aka cire daga albashi bai kai kashi 80 na jimillar harajinka ba, hukumar za ta nemi ka haɗa da rabin na shekara mai zuwa. Wato 2,400 a Janairu, sai 800 a 31 ga Yuli. Ka fara ware wani abu daga kowane biya tun yau, ka riƙa rubuta mil ɗin da kake tuƙawa, domin a shekarar haraji ta 2025/26 ana iya cire kwabo 45 na fam daga kuɗin da za a yi wa haraji a kan kowane mil na dubu goman farko. In kuɗin ba su haɗu ba, ka cike takardar a kan lokaci, sannan ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan.

Batun kamfanin kuma, ban ji daɗin yadda suka ce maka "mai zaman kansa" suka ja bakinsu suka yi shiru ba. Sunan da suka laƙaba maka ba shi ne hukunci ba. Ana duba wa ke tsara lokacinka, ko kana da ikon ƙin aiki, ko kana iya tura wani a madadinka. A 2021 Kotun Ƙoli ta ba direbobin Uber gaskiya cewa su ba masu zaman kansu ba ne, amma a 2023 ta yanke akasin haka kan masu kai abincin Deliveroo, musamman saboda suna iya tura wani. Kai da ke amfani da motarka, ba zan iya yi maka alkawarin inda za ka faɗa ba. Ko ka yi nasara ma, abin da aka fi samu shi ne kuɗin hutu da mafi ƙarancin albashi, ba lallai ya ɗauke maka harajin ba.

Shawarata, ka rubuta musu cikin ladabi su bayyana matsayinka a rubuce. In ba su gamsar da kai ba, ka je hukumar sulhu ta ACAS, kyauta ce, kuma sai an bi ta kanta kafin a shiga kotun ma'aikata. Wa'adin kai ƙara gajere ne, kada ka ja lokaci. In kuma bizar ɗalibi gare ka, ka dakata da kai kayan nan, ka ga lauyan shige da fice kafin ka yi rajista, domin wannan bizar ta hana sana'ar kai.