Helikwaftanmu na Birtaniya ne, kwangilar kuma a Faransa

Tambaya: Barista, ina da hannun jari a wani ƙaramin kamfani a Birtaniya mai helikwafta biyu. Aikinmu duba wayoyin wutar lantarki daga sama, da kai kaya a rataye inda mota ba ta zuwa. Mun samu kwangila a Faransa. Abokin kasuwancina ya ce takardunmu na da sun isa, tunda mun taɓa yin aikin can a 2019. Mu sa hannu?

Amsa: Malam, ajiye alƙalamin tukuna. Dokar da abokinka ya dogara da ita ta daina rufa muku baya.

A 2019 kuna ƙarƙashin EASA, hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai. Doka mai lamba 965/2012 ta ce mai irin sana'arku ya miƙa sanarwa ga hukumar ƙasarsa, in kuma aikin mai haɗari ne, hukumar ta ba shi izini bayan ta tuntuɓi takwararta ta ƙasar da za a yi aikin. Tun 1 ga Janairu 2021 Birtaniya ta fita daga wannan tsari. Yau jirgi mai harafin G a jikinsa, alamar rajistar Birtaniya, baƙo ne a samaniyar Faransa.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne su ɗauka izinin shiga shi ne izinin aiki. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 kan zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasashe ta fara ne da cewa kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da samaniyarta. Kundi na 6 na ƙa'idojin ICAO, hukumar jiragen farar hula ta duniya, a ɓangaren helikwafta, ya ware aikin sama irin naku ya ce bai shafe shi ba. Sashe na 36 na yarjejeniyar ma ya ba ƙasa damar hana amfani da kyamara daga jirgi, ku kuwa kyamara ce rabin sana'arku. Ita ma yarjejeniyar cinikin da Birtaniya ta ƙulla da Tarayyar a Disamba 2020, jigilar fasinja da kaya ta tanada. Saboda haka wuƙa da nama suna hannun DGAC, hukumar jiragen farar hula ta Faransa, kuma abin da ta ba ku ba zai yi aiki a Sifaniya ba.

Hanya mafi kusa ita ce ku nemi izinin DGAC don wannan aikin kaɗai, tana iya bayarwa, tana iya ƙi. Ko ku ba wani kamfanin Faransa hayar jirgin ya yi aikin da takardunsa. Doka mai lamba 965/2012 ta yarda da haka in hukumarsa ta amince tun farko, amma hayar ba ta wuce wata bakwai cikin wata 12. In kuna hangen aiki a Turai duk shekara, sai ku buɗe reshe can, ku sauya wa jirgi ɗaya rajista, matuƙansa su nemi lasisin EASA. Wannan da tsada, ni dai ba zan ba ku shawararsa saboda kwangila ɗaya ba.

Kada ku manta da mutanen da ke cikin jirgin. Kwana 90 cikin 180 da ɗan Birtaniya ke yi ba biza, na ziyara ne, ba takardar aiki ba ce.

Abin da ya fi damuna inshora ne. Kaya ya tsinke daga ƙugiya ya faɗa kan rufin wani, abin farko da kamfanin inshora zai tambaya shi ne ko kuna da izinin tashi aikin ran nan. In babu, yana iya zamewa ya bar ku da diyyar. Ku sa ya rubuto muku cewa ya san aikin da wurin, ya kuma ɗauke su.

In mai kwangilar ya matsa, ku sa sharaɗi cewa ba za ta fara aiki ba sai izini ya fito, kuma ba tarar jinkiri a kanku in hukuma ta ƙi. A ba lauyan Faransa ya duba wannan sakin layin kafin kowa ya sa hannu.