Kafin a cusa sabon kati cikin ƙaramin akwati

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin akwatin kwamfuta, takardarsa ta ce yana ɗaukar katin girafik mai tsawon milimita 322. Katin da nake so tsawonsa 304 ne. In saya kawai?

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Tsawon ya yi, amma kati awo uku gare shi, kuma na huɗun da ke ba mutane ciwon kai ba a cika rubuta shi a jikin kwali ba. Na farko tsawo, ka riga ka duba. Na biyu kauri, wanda ake ƙirgawa da gurbi, wato ramukan bayan akwati da kati ke cikewa. Tazarar gurbi ɗaya milimita 20 ce da 'yan kai, saboda haka kati mai gurbi biyu kusan 40 ne, mai uku kusan 60. Kada ka tsaya ga adadin gurbin da aka tallata, nemi kaurin da milimita, don akwai katunan da ƙarfensu na baya gurbi biyu ne amma cikinsu ya kumbura ya kusa uku. Na uku faɗi, wato daga haƙoran da ke shiga madabod (babban faifan da kayan kwamfuta ke haɗuwa a kai) zuwa bakin katin na waje.

Na huɗun shi ne kebul ɗin wuta. Yawancin sababbin katunan NVIDIA suna amfani da filogi mai baki 16, wanda ake kira 12VHPWR, da gyararrensa 12V-2x6. Wannan ɗan filogi yana iya ɗaukar wuta har wat 600. A ƙarshen 2022 aka yi ta ganin sa a narke jikin katin RTX 4090, kuma babban abin da aka ɗora wa laifi shi ne rashin shigarsa har ƙarshe. Lanƙwasa kebul dab da filogi yana janye shi gefe guda, shi ya sa masu ƙera kebul da yawa ke cewa a bar kamar milimita 35 a miƙe kafin a lanƙwasa. Ni kaina na taɓa haɗa wata 'yar kwamfuta, komai ya zauna daram, sai da na zo rufe marfin gefe ya ƙi. Na ɗan danna, ya rufu. Zuciyata ba ta kwanta ba, na sake buɗewa na haska fitila, sai ga filogin ya karkace, akwai 'yar tsaga tsakaninsa da mazauninsa da farce zai shiga. Tun daga ranar na daina tilasta wa marfi.

Akwai abin da zai rage maka wahala. A 2024 NVIDIA ta fitar da ma'aunin da ta kira SFF-Ready: katin da ke ɗauke da wannan shaida tsawonsa bai wuce milimita 304 ba, kaurinsa bai wuce 50 ba, faɗinsa kuma 151 har da lanƙwasar kebul. Duk da haka ɗauko tef ka auna cikin akwatinka da hannunka, tare da fankoki da wayoyin da ke ciki. Takarda akwati fanko take aunawa.

Tambaya: Na sa sabon kati, fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Akwatin irin wanda kati ke zama bayan madabod ne. Katin ne ya lalace?

Da wuya, 'yar'uwa. A irin wannan akwati wani kebul mai faɗi ne, raiza, ke haɗa katin da madabod, kuma shi na fi zargi. Idan raizar ta PCIe 3.0 ce ko 4.0 (matakan saurin hanyar da kati ke magana da madabod), kati da madabod kuma suna ƙoƙarin magana da saurin 5.0, hoto na iya ƙin fitowa. Soka katin kai tsaye a madabod, ko ki haɗa allon da madabod idan firosesarki tana iya fitar da hoto, ki shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ki mayar da saurin gurbin daidai da na raizar. Asarar sauri tsakanin 5.0 da 4.0 ba abin da ido zai gani ba ne a yawancin wasanni.

Tambaya: RTX 5090 Founders Edition, wanda NVIDIA ke fitarwa da kanta, gurbi biyu ne kacal. Tunda zai shiga akwatina mai lita 10, me zai hana?

Zai shiga, gaskiya ne, kuma abin yabo ne yadda aka matse shi, ganin cewa RTX 4090 Founders Edition gurbi uku ya ci. Amma shiga daban, numfashi daban. Wutar da kati ya sha kusan dukanta zafi take komawa. RTX 5090 wat 575 ne, RTX 5080 wat 360, RX 9070 XT na AMD wat 304, RTX 5070 kuma 250. Wat 575 a cikin lita 10 tamkar ka kunna ƙaramar hita ce a cikin kwalin takalmi, kuma dole zafin nan ya sami ƙofar fita.

Abin da ya fi damuna da wannan kati a irin akwatinka shi ne yadda yake shan iska. Fankokinsa biyu suna zuƙo iska ta gaba, su hura ta ta ratsa jikinsa ta fita ta baya. A babban akwati wannan dabara ce mai kyau. A akwatin da kati ke jingine da bayan madabod kuwa, iskar mai zafi tana fita ta ci karo da bango, ta dawo, ko ta bi ta gasa SSD (ma'ajiyar bayanai) da na'urar ba da wuta. Idan ka nace, nemi akwatin da ke barin sarari a bayan kati, ka sa fanka a sama ko a ƙasa mai janye iskar waje. Marfin gilashi kuwa cire shi daga lissafi, sa mai raga. Ka kuma bar 'yar tazara tsakanin fankar kati da marfin, don idan suka matsu da juna sai ka ji wani gurnani ko da zafin bai kai ko'ina ba.

Sai maganar wuta. Ƙananan akwatuna ƙaramar na'urar ba da wuta mai suna SFX suke ɗauka, kuma NVIDIA wat 1000 ta ba da shawara ga 5090. Akwai SFX masu wannan ƙarfi, sai dai su ma zafinsu suke zubawa cikin ɗan ɗakin nan. Zaɓi mai shaidar ATX 3.1, mai kebul ɗinsa na asali, ka huta da adafta mai rassa huɗu da ba ta da wurin kwanciya.

Ni dai da kuɗina ne, a lita 10 ba zan wuce katin wat 300 zuwa 360 ba. Ko shi ma zan buɗe manhajar MSI Afterburner, ko Adrenalin idan na AMD ne, in rage iyakar wutar zuwa kashi 80 cikin 100. Abin da ake rasawa na sauri kaɗan ne, ƙarar fanka kuwa tana raguwa sosai. Bayan ka haɗa, rufe duk marafan, kunna wasa mai nauyi na rabin awa, ka sa ido kan HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi. Idan zafin ya tsaya a digiri saba'in da wani abu, lafiya lau. Idan ya haura 85 saurin katin yana ta sauka, cire marfin gefe ka sake gwadawa. In zafin ya faɗi da yawa, matsalar ta akwati ce, ba ta kati ba.