Amsa: Idan aka rufe ƙungiyar jami'a, sauran ma suna ji a jikinsu?

Malam, ka tambaya ko hukuncin dakatar da ƙungiyar wasa ta jami'a yana taɓa sauran 'yan rukuninta, wato jami'o'in da suke gasa tare. Sosai ma.

Dubi jami'ar SMU ta Dallas. A 1987 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta soke mata kakar ƙwallon Amurka baki ɗaya, saboda masu hannu da shuni suna cusa wa 'yan wasa kuɗi a ɓoye. SMU kuma da kanta ta haƙura da kakar 1988. Sauran jami'o'in rukuninta na Southwest suka wayi gari da giɓi a jadawali, ga kuɗin ƙofa da na talabijin sun ragu. Da SMU ta dawo a 1989 da ɗanyun yara, jami'ar Houston ta lallasa ta 95 da 21. Wa zai sayi tikiti don wannan?

Amma kada a ɗora wa SMU duka laifin. Kusan duk rukunin a jihar Texas yake, kasuwar talabijin ɗinsa ƙarama ce, wasu jami'o'insa ma an hukunta su. Jami'ar Arkansas ta fice zuwa rukunin SEC, a 1996 kuma rukunin Southwest ya watse, manya huɗu suka koma rukunin Big 12, aka bar SMU a baya.