Tambaya da Amsa: Jinkirin Buɗewar Shafi

Tambaya: Malam, shafin kasuwancina yana jinkirin buɗewa idan maziyarta suka yi yawa. Ko sabar wakili za ta taimaka?

Amsa: Za ta taimaka ƙwarai. Manhajar Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, takan yi aikin sabar wakili: tana tsayawa a gaban babbar sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, ta ajiye kwafin shafuka da hotuna, sai ta miƙa wa duk wanda ya sake nema ba tare da ta dami babbar sabar ba. A cikin saitin Nginx, ka ware ma'ajiya da umarnin proxy_cache_path, ka ƙayyade wa'adi da proxy_cache_valid, misali minti 10. Sai dai kada ka bari ta ajiye shafin shiga asusu, domin bayanan wani na iya bayyana ga wani.